Gwauro Mai Gadon Jariri

A ƙofar benen da muka yi haya a unguwar Suwaidi, can ƙasar Larabawa, akwai allo mai kalma ɗaya da jan fenti: awa'il, wato masu iyali kawai. Shekara da shekaru ina wuce shi ban ɗaga kai ba. Ni mai iyali ne, kuma duk mai hanci a benen ya san haka, don daddawar matata har hawa na uku take kai gaisuwa.

Da ta samu cikin fari bayan dogon jira, surukata ta ce a kawo mata 'yarta Kano goyon ciki. Ban ja ba. Ta haifi mace, ni kuma na je unguwar Murabba na sayo gadon jariri na katako, na haɗa shi da hannuna, na ajiye shi gefen da sanyin esi ba ya dukan mutum. Gyaran esi, na'urar sanyaya ɗaki, shi ne sana'ata, na san inda ya kamata a kwantar da yaro.

Ana cikin haka lokacin sabunta haya ya zo. Da can abin bai wuce shan shayi kofi ɗaya a ofishin dillali ba. Amma muna da mai gadi, wani bawan Allah da famfon tsakar gida zai kwana yana zuba bai gani ba, sai ga shi ya gano babu takalmin mace a ƙofata. Ya kai rahoto.

Dillalin mutum ne mai waya biyu da carbi ɗaya, kuma wayoyin sun fi shan aiki. Ranar ya ajiye su duka, ya dube ni da wata fuskar tausayi.

"Inta alhin azzabi?" ya ce.

Larabcina na bakin aiki ne: kawo, ɗaga, gobe, babu. Abin da kunnena ya ji shi ne azaba. Kuma azabar nake sha, wata da watanni ina cin burodi da kifin gwangwani, ina wanki da kaina, 'yata tana kuka a waya ban taɓa ɗaukarta ba. Har na ji daɗi an samu mai tambaya. Na dafa ƙirji.

"Aiwa, wallahi. Azaba kasir. Wallahil azim."

Ya gyaɗa kai, ya ɗauki wayoyinsa. "Khalas. Mafi tajdid." Wannan kam na gane: an gama, babu sabuntawa.

Wani abokin aikina ɗan Maraɗi ne ya warware mini, bayan ya yi dariya har da riƙe ciki. "Malam, azzabi gwauro ke nan. Ka rantse wa mutum kai gwauro ne, har ka ƙara da kasir, wato ƙwarai da gaske."

Na ja shi muka koma ya yi mini tafinta. Dillalin ya saurara, sannan ya ce ai musulmi ba ya rantsuwar banza, shi ba zai ƙaryata ni ba. Mutumin da ya shekara uku yana rantsuwa gobe za a gyara tankin ruwa, yau shi ne mai girmama wallahi. Na nuna masa hoton jaririya. Ya ce masha Allah, amma hoto ba ya zama a gida, kuma akwai matan mutane a benen. Matan da ban san ko launin hannunsu ba, sai yanzu na zama abin tsoro a gare su don matata ta je haihuwa. Ƙarshe ya ce in kawo madam kafin ƙarshen wata ya ganta.

Na kira Kano. Surukata ce ta karɓi wayar.

"Inna, gidan ne za su karɓe."

"Yanzu saboda ɗakin haya zan tsame yarinya daga ruwan zafi? Ko sati biyu ba ta yi da fara wanka ba. Ka ce wa Balaraben ya jira arba'in."

"Inna, ba su san arba'in ba."

"To su ba sa haihuwa ne?"

Ta ba ni haushi, amma ita aƙalla lafiyar 'yarta take karewa. Shi dillalin ban san abin da yake karewa ba.

Ɗan Maraɗi ya ba ni dabara: in jera takalman matata a ƙofa, in soya daddawa da yamma. Na yi, ina jin kunyar kaina. Washegari mai gadi ya ƙwanƙwasa, ya miƙo mini takalman a leda cikin ladabi, wai kada su yi ƙura kafin madam ta dawo.

Na zaga Suwaidi da Nasiriyya neman wani gidan. Ko'ina amsa ɗaya ce, in kawo iyalin su gani. Iyali ba za su zo babu gida ba, gida ba zai samu babu iyali ba, kuma kowane dillali yana faɗin haka kamar wata hikima ce ya ƙirƙiro. Kafin in samu mafita izinin dawowar matata ya ƙare.

Ranar tashi, gadon na sauko da shi a ƙarshe, a kaina, don na ƙi kwance shi. Dillalin yana bakin ƙofa da sababbin 'yan haya. Ya ga gadon, ya faɗaɗa murmushi.

"Mabruk," ya ce, wai barka da haihuwa yake mini.

Na wuce da gadona a ka, don duk abin da ya zo bakina ranar da Hausa ya zo.

Na koma ɗakin ɗan Maraɗi, inda maza shida ke kwana a jere. Babu wurin gado, amma na ce ba a fitar da shi. Sannu a hankali aka fara ajiye shinkafa da albasa a ciki, tun ina faɗa har na daina. Da na samu zuwa gida, yarinyar tana tafiya da ƙafarta, ta ɓuya bayan uwarta tana leƙen baƙo. Ba ta taɓa kwana a gadon ba.