Akwatin Kawu Sa-Hannu

Duk wanda ya taɓa zama a bencin Kawu Mahaman, a rumfarsa ta bakin tashar Agiye, ya san ba ya cewa "to" sai ya yi tambayoyinsa uku: "Wa da wa? A kan mi? Har yaushe?" Ko fura ka kira shi ku sha, sai ya sauke tabarau ya ce, "Har yaushe?" Shekara ashirin ya yi yana planto, wato masinja, a wata kotu a Maraɗi, yana ɗauko takardu yana mayarwa, kunnensa a buɗe. Da ya aje aiki ya dawo gida da bik, alƙalaminsa, ɗaure a wuya kamar laya, ya zama mai rubuta wa 'yan kasuwa yarjejeniya. Ku kuka sa masa Sa-Hannu, ba ni ba.

Ni ce Rabi, ɗiyar ƙanwarsa, mai keken ɗinki a rabin rumfar. Bayan sadakar arba'in ɗinsa, Sani ɗan marigayi Alhaji Illa ya zo ya durƙusa ya yi mini gaisuwa, sannan ya ce, "Yaya Rabi, mun taso muna jin wurin ga na Babanmu ne. Amma gara ta cinye takardunsa, ba mu da shaida. In Kawu saye ya yi, ki nuna mana, mu haƙura."

Da rumfar nake ci da 'ya'yana biyu. Na ce masa ya ba ni mako guda. Har dariya na yi a zuci: mutumin da ke rubuta cinikin kaza, shi ne zai rasa takardar wurin zamansa? Na jawo akwatinsa na ƙarfe na buɗe.

Wayyo Kawu! Kofin duk abin da ya taɓa rubutawa yana ciki, an ɗaure da tsumman atamfata. Ga takardun karbon da ya yi ta mora har suka koma fari. Kun tuna yadda yake shanya su a rana wai su huta?

Ta farko da na zaro ta su Hamisu ce da ƙanensa, da suka haɗa hannu suka sayi injin niƙa a Cadawa. Ina wurin ranar. Kawu ya tambaye su, "In injin ya lalace, wa zai gyara? In ɗaya ya ce ya fita fa? In ɗaya ya mutu?"

Hamisu ya miƙe tsaye. "Haba Malam! Fatan mutuwa kake mana? Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya!"

"Uwa ɗaya uba ɗaya?" in ji Kawu. "Subhanallahi. Rabi, ƙaro mini karbon. Wannan sai an yi kofi uku."

Har yau injin yana niƙa, kuma har yau suna gaisawa.

Can ƙasa na ci karo da takardar ragon nan. Kawu ya tafi kasuwar Gazawa sayen ragon layya wurin wani dattijon makiyayi, ya ce sai an faɗa masa aibin dabbar an rubuta, don mai saye yana da haƙƙin sanin abin da ido ba ya gani. Dattijon ya ce, "Lafiya tai lau, Malam. Sai dai yana tunkuyi kaɗan." Kawu ya rubuta "yana tunkuyi kaɗan", dattijo ya dangwala yatsa. Ba su kai bakin mota ba ragon ya ja da baya ya ɗauke Kawu ta baya, sai cikin taɓo, hula gabas tabarau yamma. Mutane suka taru: "A mayar masa da abinsa! Wannan ai ba kaɗan ba ne!"

Kawu ya tashi yana ɗingishi, ya laluba aljihu, ya karanta takardar a tsanake. "An faɗa mini, na sa hannu," ya ce. "Ragon yana kan gaskiyarsa."

Ina dariya hawaye na ɗiga a kan takardar, sai ga wata da ba rubutunsa ba. Na gane ta tun daga ninkin. Wasiƙar Lawali ce.

Lokacin ina budurwa, littattafan soyayya sun cika mini kai. Ina ɗinki ina jiran wanda zai zo ya kira ni hasken idanunsa. Lawali ya zo, ya kuma rubuto. Ya ce zai ba ni wata da taurari, zai so ni har abada. Don zumuɗi na kai wa Kawu ya gani. Ya karanta sau biyu, ya ciro jan bik.

"Watan nasa ne?"

"Kai Kawu! Ai salon magana ne."

"Ba a alkawari da kayan da ba naka ba. 'Har abada' kuma wace rana ce? Ba kwanan wata, ba shaidu. Ɗiyata, wanga yaro bai ɗaure kansa da komi ba. Mayar masa ya gyaro."

Na fizge zan tafi, ya riƙe. "Tsaya, sai na aje asalin."

Na yi fushi da shi wata guda. Na auri Lawali. Bayan haihuwata ta biyu ya tafi arewa neman aiki, labarinsa ya yanke. Ranar da na dawo gida da yara da keke, na sunkuyar da kai ina jiran Kawu ya tuna mini jan bik ɗinsa. Sai ya miƙe. Ya ja teburinsa gefe da kansa, ya share rabin rumfar, ya ce, "Aje nan, nan ya fi haske."

A ƙasan akwatin, cikin leda biyu, na sami wadda nake nema. Na buɗe.

"Ni Mahaman ɗan Isufu, ina shaida rumfar ga ba tawa ba ce. Alhaji Illa ya ara mini ita: ba haya ba, ba saye ba, ba kyauta ba. Har yaushe? Har ranar mutuwata. Daga ranar ta koma hannun magadansa." Ga sa hannunsa, ga na Alhaji, ga yatsun shaidu biyu, mai shayi da wani mahauci, duk sun riga Kawu tafiya. A gefe kuma, da wani bik daban, cikin rubutu mai karkarwa irin na ƙarshen rayuwarsa: "Rabi, ki yafe mini. Na sha buɗe baki in faɗa miki, sai in ji kekenki na tafiya, in fasa."

Jama'a, ba zan ɓoye muku ba. Kwana uku takardar tana cikin zanena. Ba wanda ya san da ita a duniya sai ni. Sau biyu ina hura wuta in dube ta in dubi murhu. Abin da ya hana ni, wallahi ba tsarkin zuciya ba ne. Kawai na kasa ƙona rubutun hannunsa.

Na kai wa Sani. A hanya ina ta tsara yadda za ta kasance in a littafi ne: zai karanta, idonsa ya cika, ya ce Yaya riƙe rumfar har abada. Ya karanta, idonsa ya cika ɗin kuwa. Ya ce, "Allah ya jiƙan Kawu." Sannan ya ce su tara ne magadan, har da marayu ƙanana, ba shi da ikon kyauta da rabon kowa. Ya ba ni har bayan kaka in nemi wuri. Ranar tashi shi ya kawo amalanke, shi ya ɗora keken da hannunsa.

Yanzu a zauren gidanmu nake ɗinki. Ba haske kamar can, kuma matan ƙauye da ke sauka a tasha ba su san hanya ba. Muna dai ci, ba kamar da ba.

Kawu, ka bar ni da kuka, amma ba ka bar ni da kayan marayu a wuya ba. Na yafe maka, kai ma ka yafe mini kwana ukun nan. Allah ya haskaka kabarinka, ya sauƙaƙa maka tambaya, ya ba ka masaukin da ba mai tashin ka. Amin.