Gyaɗar da Inna Take Warewa

Ko zan manta da komai na shekarun da na yi ina rubutu a intanet, ban da ranar ɓarar gyaɗar iri a gidan maƙwabciyarmu. Lokacin ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, can gaba da Makoɗa, ina kuma da shafin da nake zuba labaran ƙauye. 'Yan garinmu mazauna birni da masu ci-rani duk suna karantawa, ni kuwa kaina ya fara girma. Duk wanda ya yi magana mai daɗi a gabana, kafin ya rufe baki na adana ta.

Maƙwabciyar tamu dattijuwa ce, kowa Inna yake ce mata, kuma an san ta da alkunya. Ɗanta na fari, direban babbar mota a kudu, ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ko gaishe ta ya zo yi, kau da kai take ta amsa a taƙaice. In wata uwa ta cika zaƙewa a kan ɗan fari, da Inna ake yi mata misali.

Ran nan, gab da faɗuwar damina, mata muka taru a gidanta muna ɓara. Da rana ta take aka watse, ya rage daga ni sai ita. Sai na ga ta jawo wata 'yar ƙwarya tana tsince manyan ƙwayoyi a ciki. Na ce, "Inna, waɗannan fa?"

Ta ce, "Na wancan ne na kudu. Tun yana ƙarami yake son soyayyar gyaɗa. Ƙanwarsa nake ba wa, ta ce ita ta aika masa. Wallahi 'yar nan, in na ji ƙarar babbar mota a titi, gabana faɗuwa yake."

Maganar ta taɓa ni ƙwarai. Ina shiga gida na rubuta ta tsaf na saki. Ban sa suna ba, sai nake ganin na yi dabara. Na manta cewa a duk ƙauyenmu uwar direban babbar mota ɗaya ce tak.

Washegari a wurin injin niƙa mata suka sa ta a gaba. Wata abokiyar wasanta ta tafa hannu ta ce, "A'a! Ashe duk kau da kan nan na ganin ido ne? To mu ma a ware mana manyan!" Aka kwashe da dariya. Shi ma ɗan ya karanta, ya bugo wa ƙanwarsa waya, ya ce a ba Inna. Ta ƙi karɓa. Kwana uku ba ta leƙa ƙofar gida ba.

Na tafi wurinta da ƙarfin gwiwa, don a ganina yabonta na yi. Na ce, "Inna, ai alheri na faɗa. Mutane sai sa miki albarka suke."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malama, na ce kin yi ƙarya ne? Gaskiya kika faɗa. Amma tawa ce. Tun kafin a haife ki nake riƙe da ita, kuma ke na faɗa wa, ba duniya ba."

Wannan "Malama" ta fi mari zafi, domin a da “'yar nan” take ce mini. Na goge rubutun, na ba ta haƙuri, ta ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe ɗin. Amma da shekara ta zagayo aka zo ɓara, na zauna kusa da ita, ga 'yar ƙwaryar nan a gefenta, ba ta taɓa ta ba sai da ta ga na miƙe na sa takalmi.

Har yau ina rubutu, kuma ba ni da niyyar dainawa. Sai dai Inna ta koya mini cewa cire suna ba neman izini ba ne, kuma magana ko ta alheri ce tana da mai ita. Yanzu duk abin da na ji a bakin maƙwabci, sai na koma na tambaye shi ko in rubuta. In ya ce a'a, a cikina take kwana.