Jarumin da Inna Zali ta Zaɓa

A unguwar Rusaifa, can ƙasa mai tsarki, idan ka tambayi Ɗanjuma mai gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, shagonsa za a nuna maka. Idan kuwa ka ce Ɗanjuma mai 'yartsana, har gida za a raka ka ana dariya. Shi ko ya tsani sunan nan. Jarumai ne, ba 'yartsana ba, haka yake faɗa yana zare ido, ƙaton mutum da furfura a gemu.

A unguwar Nakkasa aka haife shi, jikan alhazan Sakkwato da suka zo suka zauna. Ranar da rusau ya iso layinsu kowa katifa da tukwane ya kwasa, shi kwalin kayan wasa ya rungumo. Tun daga nan abin ya zame masa ciwo. Ba kasuwar gwanjon da bai sani ba, yana tonon sojojin roba da masu takobi da motocin gwangwani, har ya cika kabad ɗin gilashi a falo. Amma akwai ɗaya da ko matarsa Abir ba ta taɓawa: wani mutum-mutumin ƙarfe mai ƙaho, fenti duk ya goge, hannu ɗaya ɗaure da zare. Yayansa Talal ne ya saya masa a shekarar da shi Talal ɗin ya fara sana'ar tura tsofaffin alhazai a keken guragu. Talal ya rasu yana saurayi, kuma wannan kaɗai ya rage na hannunsa.

To bana bayan Hajji sai ga Inna Zali, 'yar'uwar mahaifiyarsa daga Sakkwato, ta zo sallama Ɗanjuma yana wurin aiki. Baƙuwa ta fita ba tsarabar jikoki? Ina! Mahaifiyar tasa, Hajiya Kabira, ta wangale kabad ta ce ta zaɓa. Inna Zali mace ce mai kawaici. Ta dubi masu ƙyalli, ta ji tsoron a ce ta yi zari, sai ta miƙa hannu can ƙurya ta ɗauki wanda ya fi kowanne tsufa. Hajiya Kabira ta san ko na waye, amma wa zai ce wa baƙuwa mayar?

Da azahar Ɗanjuma ya dawo ya ga gurbin. Ya ji cewa motocin su Inna za su tashi zuwa Jidda bayan la'asar, ko abinci bai kalla ba ya zari makullin mota. A hanya ya tsaya ya cika buhu da sababbin kaya, raƙumi mai waƙa, jirgi mai fitila, bindigar ruwa.

Ya tarar da masaukin su Inna a hargitse, mata na danne jakunkuna da gwiwa suna ɗaurewa. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen gida, ya sake tambayar gajiya. Kai, kunya muguwar aba ce! Ya tura buhun gabanta, ta ce wallahi ya yi yawa, wanda aka ba ta ya isa. Ya ce ai tsohon ya yi tsatsa, zai iya yankar yaro. Ta ce ba komai, za ta goge shi da man gyaɗa. Gumi ya jiƙe masa taguwa. A waje direba ya fara danna oda.

"Inna," ya ce, "na Talal ne."

Tsohuwar ta kafe shi da ido. Sai kawai ta faɗa wa jakar da aka sha wuyar ɗaurewa, ta zazzage ta a ƙasa, dabino da darduma da carbi suka watse. Tana tono tana faɗa, wane irin yaro ne wannan, da ya bari ta kai shi Sakkwato jikoki su ɓalle masa kai? Ta zaro shi daga cikin wani zane ta danƙa masa.

"Yana tafiya kuwa?"

Ɗanjuma ya murɗa makullin da ke bayan jarumin ya ajiye shi. Jarumin ya yi ƙara, ya ɗaga ƙafa, ya kama hanya tsakanin dabinon yana tangaɗi. Mata suka saki jakunkuna suka kewaye shi, wata har da guɗa. Ɗanjuma na dariya, hawaye na sauka cikin gemu.

Inna Zali ta jawo buhun sababbin ta sa a gefenta. "Sake murɗa shi," ta ce. "Direba ya jira."