Lokacin da Nonona Ya Ɗauke

A gidanmu na Dutsin-Ma na yi wankan haihuwata ta fari, a shekarar da aka yanke layukan waya a yankinmu saboda 'yan bindiga. Maigidana yana Kurfi, gonar wakensa tana Wurma. Duk Juma'a yakan hawo babur ya zo ya gaida iyayena, ya leƙa ɗansa. Sai wata Juma'a har aka sauko daga masallaci bai zo ba.

Wace marar kunya ce za ta dubi tsabar idon uwarta ta ce ina mijina? Washegari ƙaninsa ya zo, ya tsaya a zaure wurin Baba, bai ko shigo ganin jariri ba. Inna ta fita, ta daɗe, ta dawo ta ce, "Yana gaishe ki, girbi ne ya riƙe shi." Inna kuwa ba ta iya ƙarya ba. Tana magana tana ta gyaran ɗankwalin da babu abin da ya same shi.

Daga ranar gidan ya canja. Maƙwabta su shigo suna hira, da na fito sai kowa ya yi tsit. Mai ce mini sannu sai ta ja sannun ta yi tsawo, irin wadda ake yi a gidan makoki. Ni kuma ga ni da kunne, na san abin da ake fama da shi a hanyoyin nan. A raina na riga na gama: sun tare shi sun shige daji da shi.

Wallahi na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Babur ya wuce ta ƙofar gida, gabana ya faɗi ras. Ina zaune ba aikin fari ba na baƙi, amma ina jin bugun zuciyata har cikin kunne. Tuwo ya ƙi wucewa. Ƙuraje suka feso mini a leɓe, mura ta kama ni ta ƙi saki, ni da ko ciwon kai ba ya damuna.

Duk wannan mai sauƙi ne. Nono ne ya ɗauke. Yaron ya kama ya tsotsa, ya tsotsa, ya saki ya ƙwala ihu, ya sake kamawa. Inna ta ƙara mini kunun kanwa har na fara jin warinsa a numfashina. Gwaggo, yayar Baba, ta ce bakin mutane ne, ta aiko da rubutu na sha. Shiru kake ji. Kukan yaron ya fara yin ƙasa-ƙasa, in na ɗauke shi sai in ji ya rage nauyi. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Da safe Inna ta raka ni asibiti. Ma'aikaciyar jinyar, wata dattijuwa, ta duba yaron, ta auna ni ta ce jinina ya hau.

"Me ke damunki, mai jego?"

"Ba komai."

"Ba komai ba ya hawar da jini," in ji ta. "Nonon nan yana nan, jikinki ne ya riƙe shi. In mutum yana cikin fargaba, jiki yakan saki wasu sinadarai kamar ana shirin gudu. Zuciya ta yi sauri, nono ya ƙi sauka, garkuwar jiki ta yi sanyi, kowace 'yar cuta ta samu ƙofa. Ki yi ta ba shi ko ba ya samu, amma sai an kwantar miki da hankali." Ta ɗaga kai ta dubi Inna. Inna ta dubi ƙasa.

Muna shiga gida na ajiye kunya a bakin ƙofa.

"Inna, don girman Allah ki gaya mini. In ya mutu ne in shiga takaba. In sace shi aka yi in san abin da zan roƙa."

"Subhanallahi! Wa ya ce miki haka? Babur ne ya kayar da shi a hanyar Wurma, ƙafa ta karye, yana wurin mai ɗori. Ba a gaya wa mai jego mugun labari, 'yar nan, nono sai ya ɗauke."

"Ƙafa? Ƙafa kawai?"

Na zube a tsakar gida, ga kuka ga dariya. "Haba Inna! To ai ga shi ya ɗauke! Kun bar ni ina binne mutum safe da yamma a kan ƙafa!" Raina ya ɓaci ƙwarai, na faɗi maganganu. Inna dai ta kwanto yaron daga bayanta ta miƙo mini.

Na sa shi a ƙirji ina sheshsheƙa, ban sa rai da komai ba. Ya tsotsa ya saki kamar kullum, ya sake kamawa. Can sai na ji wani tsami yana saukowa tun daga hammata. Na buɗe baki zan ci gaba da mita, Inna ta ɗaga mini hannu, ta durƙuso ta kawo kunnenta daf da wuyan yaron.

"Yi shiru," ta ce. "Yana haɗiya."