Kukan Motar Baba

Kakarmu Iya Hajo ba ta gani, amma ita ke fara sanin Baba ya dawo. A Ƙaura Namoda muke, kusa da tashar jirgi. Baba direban haya ne, yana jigila tsakanin Ƙaura da Zurmi, ranar kasuwa ya tsaya Moriki. Tun ina firamare 'yan bindiga suka addabi hanyar, don haka idan aka yi magariba bai shigo ba, gidan kan yi tsit. Mama ta shige ɗaki da carbinta. Mu kuwa Iya ta tara mu gindin murhu, inda garwashin tuwo bai gama mutuwa ba, ta buɗe tatsuniya, ta ce, "To ga ta nan ta iso, wa ka ba ta tabarma?" Mu ce, "Ta zauna mu ji ta." Sai da na girma na gane ba don nishaɗi kawai take yi ba. Jira take rage mana.

Wata shekara Baba ya sauya bel ɗin injin motarsa. Daga ranar motar ta soma wani siririn kuka kamar sauro a kunne, yana ƙaruwa idan ya taka totur. Mu murna muka yi. Tun yana kwanar masallaci Iya kan ɗaga hannu ana tsakiyar tatsuniya, ta ce, "Ku yi kurum. Direba ya taho." Ba ta kama sunansa, ɗan farinta ne.

Wata la'asar abokinsa bakanike, Malam Isiya, ya buɗe bonet a ƙofar gida. Ya tsiyaya wa bel ruwa, kukan bai sauya ba. Ya ce da santsin bel ne, da ya yi shiru ko na ɗan lokaci. Sai ya ɗora bakin dogon sukurdireba a jikin altaneta mai cajin batir, ya kara kunnensa a ƙotar, ya lumshe ido.

"Boris ɗin cikin altaneta ne ya ci," in ji shi. "Tsohon bel ya saki, shi ya ɓoye ciwon. Sabon ya ɗaure tamau yana jansa. Ran da ya ƙame bel zai tsinke, kuma inda kake nan za ka tsaya."

Babu irin boris ɗin a Ƙaura, sai an aiko daga Gusau. Baba ya ce bayan kasuwar Moriki. Iya tana zaure, ta ji komai.

Da daren, Baba na gefe yana cin tuwo, ta ba mu labarin wata mata mai saniya guda. Matar ta tufka mata sabuwar igiya ta ɗaura a wuya. Tun daga nan, kullum saniya ta taso daga kiwo sai ta riƙa kuka tun daga nesa. Matar ta dinga yi wa maƙwabta alfahari, wai saniyarta gaisuwa take aiko mata. Ashe igiyar ce ke cin wuyan. Wata rana ƙarfin saniya ya ƙare a tsakiyar daji, wurin da kuraye ke shan ruwa. Matar ta zauna bakin garka tana saurare har gari ya waye.

Na ce, "Iya, me ya hana ta kwance igiyar?"

"Daɗin jin kukan, ƙawata." Ta juya fuskarta wajen da cokalin Baba ke ƙara. "Ni ko na yahe. Gara in bar jin tahowatai, in dai ya taho."

Baba ya yi dariya. "Inna, saƙo ya iso. Kasuwa ɗaya ce, mutane sun riga sun kama wuri."

Ya tafi. Washegari aka tsinci motar a gefen daji bayan Moriki, bonet a buɗe, bel a tsinke, takalman fasinja warwatse a ƙasa. Ba wanda ya kira mu neman kuɗin fansa. Har yau ba wanda ya kira.

Iya ba ta daina tara mu ba, amma tatsuniyarta ta daina kaiwa ƙarshe. Ko keke napep ne ya wuce da ɗan kuka, hannunta zai tashi, ya jima a sama, sannan ya sauko a hankali kan cinyarta. Haka ta yi har Allah ya karɓi ranta.

Na daɗe ina ɗauka labarin sakaci ta ba mu. Yanzu ina ganin kanta take ba wa labari, domin ita ce mai zaman bakin garka, kuma ita kaɗai ta yarda ta rasa kukan. Ni ban kai ta ba. Kwanakin baya na hau wani keke mai irin wannan kukan. Na ce wa direban ya duba boris ɗinsa, ya yi dariya ya ce bayan Sallah. Na rufe ido ina saurare, har muka wuce ƙofar gidanmu ban ce ya tsaya ba.