Hauyar Depite

Yayana manomin gujiya ne kafin ya zama komi. Gonar mahaifinmu tana kan hanyar Kanambakashe, rairayi ne ja, kuma tun muna yara shi ke gaba a kunya, ni ina baya ina haki.

Da aka samu mulkin kai, jam'iyya ta tsayar da shi depite, wato ɗan majalisa, don ya yi lakkol, karatun boko, kuma ba a taɓa jin shi da faɗa ba. Daga baya aka ɗora masa riƙon gari. Sai ya zama rabin shekara yana Yamai, rabi yana zaure yana sauraron kukan rijiya da na iri.

Abu guda yake roƙo ga Allah in damina ta faɗi: ya nome kunya ɗaya da hannunsa. Bai samu ba. A wajenmu abin kunya ne babba ya riƙe hauya ƙanana suna kallo. Da ya sa ta a ƙasa, wani zai ɓullo daga gonar maƙwabta ya karɓe, ya ce ranka ya daɗe, muna raye? Sai a shimfiɗa masa tabarma gindin gawo. Wanda ya karɓi hauyar kuwa, in ya kai ƙarshen kunya, zai dawo ya durƙusa da tasa buƙatar, ko ɗa da ake so a ɗauka aiki, ko rikicin iyakar gona.

Ya gwada sammako, ya gwada tsohuwar riga. Wata tsohuwa mai roron itace ta gane tafiyarsa ta kira 'ya'yanta su zo su karɓi hauyar. Ranar ya dube ni ya ce, "Malam, ko kai ma za ka karɓe?" Na ce ai tilas, Yaya, mutane na kallo. Ya miƙo mini.

Shekaru suka tafi haka. Ruwa ya ja baya, gujiya ta mutu, mulkin ma ya fita hannun jam'iyyarsu. Daminar da ta biyo, na raka shi gona, ba gujiya sai hatsi. Babu wanda ya ɓullo. Ya yi bisimilla ya tura hauya, bai kai tsakiyar kunya ba numfashi ya gagare shi. Ya jingina da ƙotar ya daɗe tsaye.

Na miƙa hannu. Ya ce in bari, zai huta ya ƙarasa. Na koma gindin gawo na zauna ina jiransa har azahar.