Malam Jijiya da Bokitinsa

Shekara talatin da biyu, kafin a buga ƙararrawar farko, za ka gan shi yana shiga ɗakin kimiyya da bokitin ruwa da ledar soso. Ɗalibai suka laƙaba masa Malam Jijiya, ya amsa, har matarsa ma haka take kiransa in ta so tsokana.

Ba a allo yake fara darasin jijiyoyi ba. Jera mu yake yi, kowa ya miƙa hannu, amma kada yatsa ya taɓa yatsa. "Haka ƙwayoyin jijiyarku suke, ba sa taɓa juna," in ji shi. "To, yaya saƙo zai tsallaka?" Sai na farko ya matse sosonsa, ruwa ya ɗiga a tafin na biyu, shi ma ya matse nasa. Ɗigon nan shi ne sinadarin da jijiya ke aika wa 'yar'uwarta. Wanda ya yi gyangyaɗi kuwa sai ya ji, "Kai, bawan Allah, ƙafa na can tana jiran saƙo!"

A ajinmu akwai wata yarinya mai farfaɗiya. Tun ranar da ta faɗi, ba mai zama kusa da ita, wai ana ɗauka ta yawu. Babanta ya gaji, ya zo cire ta daga makaranta. Malam ya roƙe shi ya tsaya bakin taga minti goma kacal.

Ya sa ta tsakiyar layi, ya ce kowa ya matse sosonsa lokaci guda. Ruwa ya watsu, muka jiƙe sharkaf.

"Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwarta ke nan," ya ce. "Saƙo ne ke yawa lokaci guda. Yana da magani, kuma ba a ɗauka."

Ya ba ta ruwa a kofi ta sha, ya karɓa ya shanye sauran a gabanmu.

Malam, uban marasa gata, kai ne washegari ka raka su asibiti. Kai ne ka mayar da kujerarta sahun gaba. Mun gode, Allah ya saka. Malamai masu tasowa, ku duba ajinku da kyau, akwai wanda aka bari shi kaɗai.

Ranar da ka yi ritaya, ka miƙa bokitin ga malamar da ta gaje ka. Ni ce na karɓa, kuma ni ce yarinyar nan. Baba na kusa da ni, yana ta share ido da hularsa.